Furanni Sun Bushe, Ina Sunayen?

Ya ku 'yan'uwana malamai na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa,

Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara, manyan ƙasar nan kan taru a Abuja da hedikwatocin jihohi domin tunawa da mazan jiya. A yi fareti, a busa begila, a ɗaura furanni a gindin dutsen sojan da ba a san sunansa ba, a saki fararen tattabaru, sa'an nan kowa ya shiga motarsa ya kama gabansa. Kafin la'asar furannin sun yi yaushi, kafin mako ya zagayo mai shara ya kwashe su. Washegarin bikin bana na shiga ajin ƙarshe na babbar sakandare, na ajiye darasin da na shirya, na yi wa ɗalibai tambaya guda: su wa suka ƙwato garin Mubi daga hannun Boko Haram? Ajin ya yi tsit. Can sai wani yaro mai ƙoƙari, wanda ba ya wasa da karatunsa, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, Mubi a Nijeriya take?" Ban yi masa faɗa ba, domin laifin ba nasa ba ne. Na fita daga ajin ina jin kunyar kaina, kuma wannan kunya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Abin da nake so in faɗa ba shi da sarƙaƙiya. Duk wani bikin tunawa da ba ya kiran sunan kowa, wanda kuma ya ware mutanen gari da suka tsaya tare da soja, rabin gaskiya ne, rabin gaskiya kuwa ƙanwar ƙarya ce. Mun iya biki, amma ba mu iya riƙe suna ba. Idan kuwa har za a gyara wannan, to daga makaranta za a fara, daga hannun mu malamai, a nan ƙasarmu.

Bari in fara ba da amsar da ɗalibaina suka kasa. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi, gari na biyu mafi girma a Jihar Adamawa, garin kasuwa da shanu, mai jami'ar jiha da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Jama'a suka watse, wasu suka nufi Yola, wasu suka hau duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru da ƙafa. Daga cikin abin da maharan suka fara yi har da sauya wa garin suna, suka ce daga yanzu Madinatul Islam ne. Ba a yi mako uku ba, a tsakiyar Nuwamba, aka ƙwato garin. Waɗanda suka yi wannan aiki su ne sojoji tare da maharba da 'yan banga, mutanen da makamansu ba su wuce bindigar toka da kwari da baka da adda ba, amma sun san kowace hanya ta daji kamar tafin hannunsu. A Maiduguri kuwa tun a tsakiyar 2013, bayan dokar ta-ɓaci da aka kafa a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayu na shekarar, samarin unguwanni suka ce tura ta kai bango. Suka ɗauki gora, suka tsare hanyoyi, suka riƙa nuna wa soja waɗanda suka ɓuya a cikin jama'a, har aka raba birnin da su. Su ne muke kira 'yan kato-da-gora. Da aka dawo aka kai wa Maiduguri farmaki a ƙarshen Janairu da farkon Fabrairu na 2015, su da soja ne suka tare ƙofa.

Daga nan aka ƙwato Monguno da Baga a Fabrairu, Bama da Gwoza a Maris na 2015, sojojin Nijar da Cadi kuma suka ƙwato Damasak. A cikin duk wannan gwagwarmaya suna guda ne ya shiga bakin jama'a, wato Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, gwanin tankokin yaƙi, wanda ya yi fice a ƙwato Baga, ya kuma rasu a Malam Fatori a watan Nuwamba na 2016. Ya cancanci duk yabon da aka yi masa, Allah ya jiƙansa. Amma a ranar da aka binne shi a makabartar sojoji ta ƙasa a Abuja, ba shi kaɗai aka binne ba, akwai ƙananan sojojin da suka faɗi tare da shi. Wa zai iya kawo sunan ɗaya daga cikinsu? Wa zai iya kawo sunan maharbi guda da ya shiga Mubi a ranar da aka ƙwato ta? Ina ƙalubalantar kowane malamin tarihi da na ilimin zaman jama'a a ƙananan hukumomin nan huɗu, da ni kaina a cikinsu. Idan mu da alli ke hannunmu ba mu sani ba, me muke tsammani daga yaro?

Ku lura da wani abu. Maƙiyi ya san darajar suna fiye da mu. Wanda ya ci Mubi bai tsaya gyara famfo ko share kasuwa ba, sunan garin ya fara kankarewa, domin ya san wanda ya mallaki suna ya mallaki labari. Haka aka yi a Turai. A 1918 sojojin Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa suna cikin waɗanda suka kare birnin Reims daga Jamusawa. A 1924 aka gina musu abin tunawa a birnin, aka kafa irinsa a Bamako. Da sojojin Hitila suka mamaye Faransa a 1940, sai suka tumɓuke na Reims, saboda ba su iya jure ganin an girmama baƙar fata ba. Sai a 2018 shugaban Faransa da na Mali, Ibrahim Boubacar Keita, suka ƙaddamar da madadinsa. Mai zalunci ya kan kashe kuɗi da ƙarfi domin ya shafe suna. Mu kuwa muna yi masa aikin a kyauta, da sakaci kawai.

Wannan cuta ba yau ta same mu ba. A yaƙin duniya na biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, dubban samarin Arewa aka ɗauka soja. Birget ta 23 ta Nijeriya tana cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka raba ta da sojojin Italiya. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a dazuzzukan Bama, ba Bama ta Borno ba, waccan ƙasar ta Asiya da yanzu ake kira Myanmar, har suka ƙwace garin Myohaung daga Japanawa a Janairu na 1945. Me ya rage mana na wannan tarihi? Sunayen barikoki. Akwai barikin Mogadishu, akwai Dalet a Kaduna, akwai Chindit a Zariya, akwai Myohaung a Legas. Mun adana sunayen wuraren da aka mutu, mun zubar da sunayen waɗanda suka mutu. Da yawanmu mun tashi mun tarar da wani tsoho a unguwa ana ce masa tsohon soja, yana zaune a inuwa yana ba da labarin jirgin ruwa da damina marar yankewa, mu kuwa muna dariya muna cewa ya rikice. Ya mutu da labarinsa, babu wanda ya rubuta ko layi guda.

Turawan mulkin mallaka ma sun yi nasu rashin adalcin, kuma sun amsa laifi. A watan Afrilu na 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, watakila har 350,000, mafi yawansu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya da suka mutu a yaƙin duniya na farko, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, alhali an kafa wa Bature dutsensa da sunansa. Ministan tsaron Birtaniya ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Mun ji wannan labari mun yi tsaki, mun ce ga halin Nasara nan. To, amma a tuna, ko a wancan zamani, abin tunawar da aka kafa a Idumota ta Legas siffar mutum biyu ce, soja da ɗan dako, domin an san ba a cin yaƙi sai da mai ɗaukar kaya. Yau shekara sittin da ɗoriya da samun 'yancin kai, wa ya hana mu rubuta sunayen namu? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin da muke zargin Bature da yi wa kakanninmu, shi muke yi wa ƙannenmu da 'ya'yanmu.

Ba kuwa don mun rasa dutse ko fenti ba ne. Ku zaga garuruwanmu ku gani. Babu rijiyar burtsatse, babu kwalbati, babu ajin da aka yi wa kwaskwarima, face an manna masa allo mai ɗauke da sunan wanda ya ƙaddamar, da muƙaminsa, da ranar da ya yanke ƙyalle. Tituna da dakunan taro suna amsa sunayen mutanen da ke raye suna shan shayi, wasu ma ba su gama wa'adin mulkinsu ba. Ashe mun iya sassaƙa suna a dutse idan mai sunan yana da abin bayarwa. Wanda ya ba da kwangila ya samu allo, wanda ya ba da ransa ya samu shiru na minti guda, shi ma a haɗe da dubban 'yan'uwansa, ba tare da an ambace shi ba.

Ina da dalili na kaina a wannan magana. Akwai wani yaro da na koyar shekarun baya, ɗan wani ƙauye a yankin nan, mai tsayi, mai son ƙwallo, marar son lissafi. Da ya gama sakandare ya shiga soja, aka tura shi Arewa maso Gabas, bai dawo ba. Wani abokin aikinsa ne ya bugo waya ya sanar da gida. Mahaifiyarsa ba ta ga gawarsa ba, ba ta san inda kabarinsa yake ba, abin da ya rage mata hoto guda ne da kakin soja. Ƙanen mahaifinsa ya yi ta zarya zuwa wani ofis a kan haƙƙinsa har takalminsa ya ƙare. Ranar da na je gaisuwa, tsohuwar ta ce mini, "Malam, kai ne ka san shi da takarda, ko akwai inda aka rubuta shi?" Na sunkuyar da kai. A makarantar da ya yi shekara shida, sunansa na nan a tsohuwar rajista da gara ta fara ci, an rubuta ya biya kuɗin jarrabawa. Iyakar abin da muka adana game da shi ke nan.

Na san za a kawo hujjoji a kan wannan kira, kuma ba na raina su. Ta farko ita ce ta addini. Za a ce mu Musulmi ne, ba ma sassaƙa mutum-mutumi, ba ma gini a kan kabari, kada a shigo mana da al'adar wasu. Na yarda ɗari bisa ɗari, kuma babu inda na nemi a kafa gunki. Amma tun yaushe kiyaye suna ya zama baƙon abu a wurinmu? Mu ne al'ummar da ta adana sunayen mutanen Badar ɗaya bayan ɗaya, malamanmu suna rubuta su suna karantawa har gobe. Mun san shahidan Uhudu, mun san Sayyidina Hamza da Mus'abu ɗan Umairu, shekara fiye da 1,400 bayan rasuwarsu. Malaman jihadin Shehu Usmanu sun rubuta yaƙe-yaƙensu, suka ambaci waɗanda suka yi shahada a Tsuntsuwa da Alwasa. Rubuta suna domin a yi wa mai shi addu'a gadonmu ne tun kafin Bature ya zo da furanninsa. Hasali ma furen ne baƙo, sunan kuwa ɗan gida ne. Ko a Amurka, abin tunawa da yaƙin Biyetnam da aka buɗe a Washington a 1982 bango ne na baƙin dutse mai ɗauke da sunaye sama da 58,000, kuma saboda sunayen ne iyalai ke zuwa daga nesa su dafa shi.

Hujja ta biyu ita ce ta kuɗi. Za a ce ajujuwanmu na yoyo, yara na zaune a ƙasa, malami na jiran ƙarin girma shekara da shekaru, ina mu ina dutsen tunawa? Wannan magana tana da nauyi, kuma babu wanda ya fi mu sanin zafinta. Sai dai a duba abin da nake nema. Littafi ne mai bango mai ƙarfi, da biro, da ƙafar da za ta taka zuwa gidan mai unguwa. Allon suminti mai sunaye bai kai kuɗin rumfuna da kujerun haya na taron siyasa guda ba. Kuma idan za a yi abin tunawa mai girma, to a yi shi ya zama mai amfani: aji, ko ɗakin karatu, ko rijiya, ko gurbin karatu kyauta ga marayan wanda ya faɗi, a sa masa sunan mamacin. Da haka an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, an girmama na ƙasa, an taimaki na sama. Wanda ya ce talauci ne ya hana mu tunawa, sai ya gaya mana dalilin da talaucin bai hana allunan 'yan siyasa ba.

Hujja ta uku ita ce mafi wuya, kuma ba zan kauce mata ba. Za a ce ba duk wanda ya sa kaki ko ya ɗauki gora ne mai tsabtar hannu ba. Gaskiya ne. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta fitar da rahotanni masu tayar da hankali a kan abin da ya faru bayan harin barikin Giwa a Maiduguri a watan Maris na 2014, da kuma mutanen da suka mutu a tsare, kuma zargin ya shafi sojoji da 'yan sa-kai. Akwai iyayen da 'ya'yansu suka salwanta ba da hannun Boko Haram ba. Malamin da ya ɓoye wa ɗalibansa wannan ya ci amanar aikinsa. Amma ku duba da kyau, rashin suna ne yake ba mai laifi mafaka. Idan aka ce "sojoji" ko "'yan banga" a dunƙule, sai a wanke kowa tare ko a shafa wa kowa baƙin fenti tare, wake ɗaya ya ɓata gari. Idan kuwa aka bi mutum-mutum, wane ne, ɗan wane gari, a ina ya faɗi, a kan me, sai a bambance wanda ya tsare ƙofa da wanda ya ci zali. Kundin da nake kira a yi ya kamata ya buɗe shafi ga farar hula da aka kashe ba da haƙƙi ba, ko da hannun wa. Tarihi na gaskiya ba kirari ba ne, kuma makaranta ba fada ba ce.

Hujja ta huɗu ita ce a ce ina ruwan Kazaure da Mubi, ina ruwan ƙungiyar malamai da harkar soja? Ga amsa. Wannan yaƙi tun daga sunansa da makaranta ake yin sa. A 2017 asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana cewa an kashe malamai 2,295 a Arewa maso Gabas tun daga 2009, an raba wasu 19,000 da muhallinsu, an lalata makarantu kusan 1,400. A Fabrairu na 2014 aka kashe ɗalibai maza a ɗakunan kwanansu a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi. A Nuwamba na shekarar aka tayar da bam a taron safe na wata sakandaren kimiyya a Potiskum. Waɗannan malamai abokan aikinmu ne, alli guda muke riƙewa. Da ba a tare wutar a Maiduguri da Mubi ba, wa ya san inda za ta tsaya? Kano da ke maƙwabtaka da mu ta ɗanɗana a ranar 20 ga Janairu 2012 da kuma harin babban masallacin Juma'a a Nuwamba 2014, Gwaram ta Jihar Jigawa ma ba ta tsira ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ajin da muke shiga lafiya yau, wani ne ya biya kuɗinsa da jininsa, kuma cikin masu biyan akwai 'ya'yan ƙauyukanmu.

Mu ma a nan ba baƙin yaƙi ba ne. Masarautar Kazaure da takobi Ɗan Tunku ya kafa ta a zamanin jihadi, ɗansa Dambo ya gaje shi, kuma ƙasar nan ta arewa da Kano ta sha hare-haren Damagaram a ƙarni na 19. Maroƙa da makaɗan fada sun riƙe mana sunayen sarakuna da jarumansu, Allah ya saka musu. Amma wanda ya haƙa ganuwa, da maƙerin da ya kwana yana ƙera kibiya, da matar da ta daka gumbar mayaƙa, duk sun tafi ba a san su ba, domin a lokacin mai rubutu kaɗan ne. Yau babu ƙauyen da ba shi da mai rubutu. Uzurin da kakanninmu ke da shi mu ba mu da shi. Ƙari a kan haka, an cire darasin tarihi daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare wajen shekara goma kafin a dawo da shi, wato dai an yi yaƙin Arewa maso Gabas mafi zafi a daidai lokacin da aka kulle bakin tarihi a aji. Yanzu da aka buɗe, da me za mu cika shi? Kuma tun da ɗan Babura, Muhammad Badaru Abubakar, ya taɓa riƙe kujerar ministan tsaro bayan ya hau ta a watan Agusta na 2023, babu wanda zai ce yankin nan ya yi nisa da inda ake ajiye takardun soja.

Saboda haka ga abin da nake roƙon reshen ƙungiyarmu ya ɗauka a taronsa na gaba, ba a bar shi a bakin shayi ba. Da farko, kowace makaranta, firamare da sakandare, ta buɗe kundi guda na tsofaffin ɗalibanta da mutanen garinta da suka rasu a bakin aikin kare jama'a, soja ne, ko ɗan sanda, ko maharbi, ko ɗan banga, ko malami, ko direban da ya kwashe masu gudun hijira. A rubuta cikakken suna, da sunan uba, da unguwa, da shekarar rasuwa, da wurin da abin ya faru. Kada a rubuta kowa sai da yardar iyalinsa da shaidar mai unguwa ko dagaci da limami, domin kada a cusa ƙarya ko a tone wa wani ciwon da bai so ba. Kada a duba addini ko ƙabila. Wanda ya zo daga Kudu ya zauna a cikinmu, ya tafi ya mutu yana tsaron ƙasar nan, namu ne.

Na biyu, malaman tarihi da na Hausa su mayar da wannan aikin gida na ɗalibai. A tura su wurin tsofaffi da reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji, su tambayo waɗanda suka je Bama, da Kwango, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da Laberiya da Saliyo, inda sojojinmu suka ƙwato birnin Freetown a 1998. Wayar da ke aljihun kowane malami tana ɗaukar murya. Tsoho guda da ya rasu ba a naɗi maganarsa ba, rumbu ne ya ƙone. Na uku, idan kundin ya kammala, shugabannin reshe su kai kwafinsa ga majalisun ƙananan hukumomin nan huɗu da fadojin sarakunanmu, su nemi a kafa allo mai sunaye a wurin da jama'a ke wucewa, ba tare da sunan wanda ya ƙaddamar ba. Ranar da aka manna sunan mai yanke ƙyalle a saman na mamatan, an ɓata aikin. Na huɗu, a ranar 15 ga Janairu, ko ranar karatu mafi kusa da ita, a karanta sunayen a taron safe, a yi musu addu'a kowa bisa addininsa, a kuma duba ko marayansu na cikin layi, suna da littafi, sun ci abinci. Wannan na ƙarshe shi ne ma'aunin gaskiyarmu, domin babu amfanin a zana sunan uba a dutse alhali an kori ɗansa daga aji saboda kuɗin jarrabawa.

Ba na cewa wannan zai dawo da wanda ya tafi, ko ya share hawayen uwa. Amma zai ba ni abin da zan faɗa wa tsohuwar nan idan na koma gaishe ta. Ni dai na riga na sayi littafina, na rubuta sunan ɗalibina a shafin farko, da sunan mahaifinsa da ƙauyensu. Sauran shafukan suna jiran ku. Allah ya jiƙan waɗanda suka tsare mana gari, sanannu da waɗanda ba mu kai ga sani ba, ya ba iyalansu haƙuri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, mu kuma ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.